Kwana taran da na yi shiru a Bawku

Idanunsa na fara gani. Ranar kasuwar Salaga ce, ina zaune a rumfar goron mahaifina ina yayyafa wa huhu ruwa, littafi a buɗe a cinyata, sai wata inuwa ta tsaya a kaina. Dogon saurayi ne siriri, rigarsa duk ɓawon albasa, yana tambayar inda ake sauke kayan Bawku. Sai da ya maimaita sannan na ji. Farin idonsa ba fari ba ne, wani ruwan rawaya ne kwance a ciki, kamar an ɗiga zuma a madara. A lokacin na karanta littattafan soyayya sun fi cikin kwando, waɗanda wata 'yar'uwata da ke aure a Kano take aiko min ta hannun direbobin goro, kuma a cikinsu babu saurayin kirki da idonsa yake kamar na sauran mutane. Na ce a raina, ga nawa ya iso. Ban san bai fi sati uku da tashi daga jinyar shawara ba. Babanku ke nan, Rabi da Mustafa, ranar da na fara ganinsa. Ciwo na kalla na ce kyau ne.

Na san abin da kuka taso kuna ji. Dangina na Salaga suna cewa kakarku Mma Lariba ce ta lalata masa hanta da saiwoyinta. Danginsa na Bawku suna cewa ni ce na kashe shi da ƙwayoyin asibiti. Kun girma tsakanin waɗannan maganganu biyu, kowane gida kuka je sai ku yi shiru a kan ɗayan. Kun san ƙwayar da nake sha kullum, na gaya muku sunanta tun shekarar da Rabi za ta yi aure. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne wasu kwanaki tara a Bawku. Su nake so in rubuta tun hannuna yana iya riƙe biro.

Aurenmu bai zo da wata rigima ba, in ban da kakata da ta ce ba za ta ba da jikar fataken goro ga wanda Hausarsa ta zango ce ba. Ya kawo mata albasa buhu guda, ya zauna ya saurari labarin kakanninta tun daga ayarin jakuna, bai yi hamma ba ko sau ɗaya, sai ta sauko. Sana'arsa ita ce ya kawo albasa daga Bawku, ya koma da doya. Rabin wata yana hanya. Ni kuwa wannan rabuwar daɗi take min, domin a littattafaina ma haka ake yi, a rabu a yi kewa a sake haɗuwa. Ina rubuta masa wasiƙa in cusa a aljihun rigarsa, shi da karatun boko bai dame shi ba, sai ya dawo ya miƙo min ya ce in karanta masa abin da na ce. Haka muka yi shekara goma sha shida.

A shekara ta goma sha bakwai ya fara ramewa. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, gudawa ta ƙi tsayawa, wandonsa sai da na ƙara masa mazagi. Asibitin garinmu bai yarda ya je ba, ya ce daga mai yankan kati har mai shara babu wanda bai ci goron aurenmu ba. Sai muka tafi Yendi, inda babu mai saninmu sai masu sayen doya. Aka ɗebi jininsa, aka ɗebi nawa. Wata nas 'yar Dagomba mai suna Sista Adisa, gajeruwa mai faɗin fuska, ta shigar da mu wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa. Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta kwana-kwana. Ta dubi babanku ta kira shi Mba, wato baba a yarensu.

"Mba Sumaila, abu biyu ne a jininka, ba ɗaya ba. Akwai ƙanjamau. Akwai kuma ciwon hanta, wanda muke kira B."

Babanku ya kalli ƙasa. Ni taga nake kallo, akwai wata bishiyar darbejiya a waje tana kaɗawa, na riƙa ƙirga rassanta.

"Na hantar nan wataƙila tun kana yaro yake tare da kai," in ji ta. "Kamar bijimi ne a ɗaure, jikinka yana riƙe da igiyar. Ita ƙanjamau masu riƙon igiyar take kashewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in suka haɗu, na hantar yake yawa a jini, yana cin hanta da sauri, kuma ba ya ihu. Amma kana da sa'a guda. Ƙwayar da za mu ba ka tana danne su duka biyun."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi.

"Tsaya, ban gama ba. Kada ka daina sha. Ko ka ji ƙarfi kamar ka ɗaga lori, kada ka daina. In ka daina, ƙanjamau a hankali za ta dawo, amma bijimin nan da ya daɗe a ɗaure gaba ɗaya zai taso wa hantarka. Amarya, ke ma kin ji ni?"

Na ce na ji. Ni ma an sami ƙanjamau a jinina. Ciwon hantar kuwa, ta ce ya taɓa shiga jikina tun da daɗewa, jikina ya kore shi. Ku biyun aka gwada ku ba a sami komai ba, kuma in kuna tuna allurai uku da aka yi muku na ce na makaranta ne, to rigakafin B ne. Kada ku tambaye ni ta ina ƙanjamau ta shigo gidanmu. Sau ɗaya na tambaye shi, ya yi kuka, ban sake ba.

Bayan sati biyu ya ce in raka shi Makango, zai sa doya a jirgin ruwan da ke ƙetare tafki zuwa Yeji. Aka gama lodi, jirgin ya tashi, muka zauna a kan wani kwalekwale da aka kife a bakin ruwa. La'asar ta yi sanyi. Kututturan matattun itatuwa suna tsaye cikin tafkin, tsuntsaye farare a kansu, mata suna banda kifi hayaƙin yana tafiya a kan ruwa. Ya kama hannuna a fili, abin da bai taɓa yi ba.

"Sa'a, ki yi min alkawari. Wannan magana daga ni sai ke. Ko Mma kada ta ji. Musamman ma Mma."

Ku fahimci halin da nake ciki. Shekara goma sha bakwai ina jiran mijina ya yi min magana irin ta littafi, sai ga shi ya yi, a bakin ruwa, rana tana faɗuwa. Ban yi tunanin asibiti ba, ban yi tunanin hanta ba. Daɗi na ji, Allah ya yafe min. Na ce masa har kabari. Na ma ƙara da wasu kalmomi da na haddace, waɗanda nake jin kunyar rubutawa yanzu.

Shekara biyu da suka biyo baya su ne mafi daɗin aurenmu, ku yi mamaki in kuna so. Ya yi ƙiba, ya koma hanya. Duk lokacin karɓar magani muna tafiya Yendi tare, mu ce sarin atamfa za mu. Ƙwayar ta wancan lokaci tana sa mafarki, masu launi, dogaye. Kowace safiya ina dama koko yana zaune a kan turmi yana ba ni nasa, ina ba shi nawa. Ya ga albasa ta tsiro a kan tafki, yana tafiya a kanta har Yeji. Na ga kakata tana sayar da goro mai haske kamar fitila. Kuna shirin makaranta kuna jin dariyarmu, Rabi tana cewa Mama da Baba sun fara. Idan yana hanya kuwa, waya yake bugowa da hantsi ya ba ni mafarkin jiya.

Sai mahaifinsa ya rasu a Bawku. Muka je tare, na yi kwana bakwai na dawo saboda ku. Shi ya ce zai ƙara kwana uku. Robar maganin ba mu tafi da ita ba, domin babu wanda bai san wannan farar robar ba, ko ƙarar ƙwayoyin a aljihu tana tona mutum. Na ƙirga masa na kwana goma sha biyu, na shimfiɗa auduga a wani ƙaramin gwangwanin man ƙamshi, na jera su ciki kamar ƙwai. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, a gidansu babban ɗa ba ya barin tabarmar makoki sai an yi sadakar arba'in. Baffanninsa suka ce ina za shi, wa zai karɓi gaisuwa? Ya zauna. A zaure yake kwana da ƙannensa da baƙi, kwano ɗaya, buta ɗaya.

Wata safiya ya bugo waya muka gaisa, na ce ya ba ni na jiya.

"Ban yi mafarki ba."

"Shekaranjiya fa?"

Sai ya fara tambayar lafiyarku. Na gane.

"Baban Rabi, sun ƙare ke nan. Ka je asibitin nan Bawku su ba ka."

"A garin da aka haife ni? Kafin in fito layi labari ya riga ni gida."

"To in aiko da direba."

"Wane direban ne ba abokina ba? Za su buɗe. Ki bari, Sa'a, lafiyata ƙalau. Kwana nawa ya rage?"

Muryarsa garau, har yana tsokanata. Na tuna maganar Sista Adisa, na tuna da bijimin da aka ɗaure, amma na ce wa kaina sati uku ba wani abu ba ne. Ina iya hawa mota a ranar in kai masa da hannuna. Ban hau ba, don kada a ce me ya dawo da ni. Aka yi arba'in, aka riƙe shi kuma a kan gyaran ɗakin da ruwa ya rusa. Wata biyu ba kaɗan da yankewar maganin, ƙanwarsa Zaliya ta kira ni ta ce Yaya yana amai, fitsarinsa kamar shayi, idonsa ya yi rawaya, Mma ta ɗauke shi zuwa ɗakinta.

Na bi ta Yendi. Sista Adisa ta saurare ni, ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ba ni maganinsa ta riƙe wuyan hannuna.

"Ba ƙwaya kaɗai zai buƙata yanzu ba. Ki kai shi asibiti ranar da kika isa, a duba hantar. Ranar, Amarya, ba washegari ba."

Hanyar Yendi zuwa Bawku doguwa ce. Na zauna jikin taga, mota tana rarrafe a kan dutsen Nakpanduri, ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinmu koriya shar har inda ido ya ƙare. Kun san me nake yi? Ina shirya yadda zan shiga ɗakin, ya buɗe ido ya gan ni, in sa masa ƙwayar a baki, ya tashi. Har kalmomin da zai faɗa na shirya masa.

Dole in gaya muku wace ce Mma Lariba a wancan lokaci, domin ku tsohuwa mai raba alawa kuka sani. A duk zangon Bawku, har Pusiga, har ƙauyukan Togo, in idon mutum ya yi rawaya wurinta ake kawo shi. Daga uwarta ta gaji maganin. Saiwar rawaya da wasu sassaƙe take dafawa a wata baƙar tukunya da ba a taɓa dafa abinci a ciki ba. Dokokinta kowa ya san su: mai shawara ba ya cin mai, ba ya cin nama, sai koko da rake, kuma ba ya kusantar allura ko ƙwayar asibiti, domin a wurinsu shawara da maganin asibiti in suka haɗu mutuwa ce. Ba mugunta ba ce. Ta ga mutane da yawa sun tashi a hannunta, har da shi kansa babanku yana saurayi.

Na same shi kwance a gadonta. Idanun nan ne na ranar kasuwa, amma zumar ta yi duhu, ta bi fuskarsa har tafin hannu. Na gaishe ta na durƙusa, ta ce sannu da hanya Amarya, don har ta mutu ba ta daina kirana Amarya ba. Ta fita ɗebo ruwa. Na ciro wani gwangwanin da na juye maganinsa a ciki daga zanina na sa masa ƙwaya ɗaya a hannu. Ta suɓuce masa, ta faɗi, ta gangara har bakin ƙofa, daidai ƙafar Mma.

Ta duƙa ta ɗauka. Ta miƙo hannu, na ba ta gwangwanin kamar yarinya.

"Mene ne wannan?"

Na kalli babanku. Kai kawai ya girgiza min, kaɗan, idonsa cikin nawa.

"Na ƙarin jini ne, Mma."

"Ƙarin jini! Daga Salaga kika taso ki kashe min ɗa? Ke da karatunki ba ki san shawara ba?"

Ta wuce madafa ta juye su a murhu. Ina tsaye ina jin warinsu. Daga ranar ta hana ni kai masa ko ruwa, ta hana ni zama da shi sai tana nan, tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar. Nawa maganin yana ɗinke a bakin zanina, iri ɗaya da nasa, ina haɗiyewa a banɗaki, amma babu hanyar da zai kai gare shi.

Kwana tara. Ina wanke-wanke, ina tankaɗe, ina gaisawa da masu dubiya. Kowace safiya in ce yau zan faɗa, in leƙa ɗakin, ya kalle ni, in fasa. Ina gaya wa kaina cewa wannan ita ce jarrabawar masoya, cewa macen kirki ba ta karya alkawari ko za a yanka ta. Har wani daɗi-daɗi nake ji a ƙasan zuciyata, na cewa ni kaɗai ce na san sirrinsa a duk gidan. Wannan ne abin da ya fi min wuyar rubutawa. A kwana na bakwai ya fara barci da rana tsaka, ba ya tashi sai an girgiza shi. A na takwas ya kalle ni ya yi murmushi ya ce albasa ta tsiro a kan ruwa, in zo mu taka. Na yi murna, na ce mafarkinsa ya dawo. Sai na ga idonsa a buɗe yake, hannayensa suna kaɗawa kamar fiffiken kaza, kuma ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu tun yana yaro.

Washegari da hantsi na sami Mma a bayan ɗaki tana daka sassaƙe.

"Mma, ina da magana."

"Faɗi, hannuna ne yake aiki."

"Ƙwayar da kika ƙona ba ta ƙarin jini ba ce. Ta ƙanjamau ce. Shekara biyu yana sha, ni ma ina sha. Yana da ciwon hanta tun da daɗewa, ita ce take danne shi. Daina shanta ne ya kawo wannan."

Taɓaryar ta tsaya a sama. Ta sauke ta a hankali ta jingina da bango.

"Ranar da na zuba su a wuta, kin san haka?"

"Na sani."

"Kika tsaya kina kallona."

"Na yi masa alkawari, Mma."

"Alkawari." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa. "Ni na haife shi a kan tabarma. Ni na wanke kashinsa. Akwai abin da zai fito daga jikin Sumaila in ji kunyarsa? Kwana tara, Amarya. Kin bar ni ina kashe ɗana da hannuna, ina cewa magani nake yi."

Na zaci za ta mare ni. Mayafinta ta ɗauka, ta fita titi da kanta ta tsayar da mai keke mai ƙafa uku. Baffanninsa suka taso daga zaure, babbansu yana cewa Lariba kin haukace, asibiti da shawara? Ta ce masa ita ta kafa dokar a gidan nan, yau ta cire, wanda yake da magana ya biyo ta. Ba ta ƙara musu ko kalma ba, a ranar ko bayanta. Shi ya sa har yau suke cewa ni na juya mata kai.

Kwana biyu a asibitin Bawku, aka tura mu Tamale. Sati uku yana tsakanin rai da mutuwa. Aka mayar da shi kan maganin, aka yi ta ƙarin ruwa, Mma tana zaune a ƙasa kusa da gadon da carbinta, duk allurar da za a yi masa sai ta rufe ido. A hankali rawayar ta fara ja da baya. Da hankalinsa ya dawo ya ga uwarsa a wurin, ya gane. Kwana huɗu bai yi min magana ba. A na biyar, Mma ta fita alwala, ya ce ba tare da ya kalle ni ba:

"Me ta ce?"

"Ta ce ita ta wanke kashinka."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, dariyar ta koma kuka, na riƙe kansa.

Likitan da ke duba shi, wani saurayi mai yawan shiru, bai gamsu ba. Ya ce tabon da ke hantar ya fi abin da yake tsammani ga wanda ya sha magani shekara biyu. Ya aika jinin zuwa kudu, muka jira kusan wata biyu. Da sakamakon ya zo ya zaunar da mu mu uku, domin Mma ta ce ba za a sake rufe ƙofa tana waje ba. Ya ce akwai na uku, ana kiransa D. Shi wannan ba ya iya zama shi kaɗai, sai a jikin mai B, da rigar B yake yawo. In ya shiga, hanta tana tsufa da wuri, in kuma ga ƙanjamau a gefe, abin ya fi sauri. Ƙwayar tana danne ƙanjamau, tana danne B, amma ba ta kai ga D, kuma a lokacin babu maganinsa a inda hannunmu zai kai. Mma ta tambaya ko jikokinta za su kamu. Ya ce wanda rigakafin B ya kama shi, D ba shi da ƙofar shiga. Sannan ya tambayi babanku ko ya taɓa yin shawara mai tsanani yana saurayi. Ya ce ba zai rantse ba, amma mai yiwuwa a lokacin ne D ya shiga. Na tuna rumfar goro, da littafin da ke cinyata.

Ya ƙara shekara biyar. Bai sake tsallake ko kwana ɗaya ba, robar ma a kan tebur yake ajiye ta. Kun san sauran, kun ga cikin da ya kumbura, kun ga safiyar da aka yi ruwa aka fitar da shi. Na taɓa tambayar likitan ko wata biyun nan da kwana tarana sun rage masa kwana. Ya ce D yana cin hantar ko da ba a yi haka ba, amma abin da hanta ta rasa a irin wannan tashin ba duka yake dawowa ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni ma ba zan ce muku a'a ba. Saiwoyin kakarku ba su ne suka tayar da ciwon ba, ƙwayar asibiti kuma ita ce ta ba shi shekarun da kuka san shi da su. In kuna neman inda aka yi kuskure, ku duba bakin ruwan Makango, inda mutum biyu suka ɗauki tsoro suka sa masa sunan soyayya.

Mma Lariba ba ta fasa tukunyarta ba, kamar yadda za a rubuta a littafi. Ta ci gaba da dafawa, mutane suka ci gaba da zuwa. Amma Zaliya ta gaya min cewa duk wanda aka kawo, sai ta kori 'yan rakiya ta rufe ƙofa ta tambaye shi a kunne ko akwai ƙwayar da yake sha a ɓoye, kuma ba ta ba kowa ko kofi ɗaya sai ya je an ɗebi jininsa ya dawo da takarda, ita da ba ta iya karatu ba. Wasu suka ce tsufa ne. Masu zuwa suka ragu, ba ta damu ba.

Ganina da ita na ƙarshe a Pusiga ne, a gidan Zaliya, idonta ya riga ya tafi. Kai Mustafa kana wurin, ka tambaye ni a mota abin da ya ba mu dariya, ban amsa ba. Ta sa ka durƙusa, ta shafa fuskarka da hannu biyu, ta ce dogon nan sak ubansa. Sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Amarya, duba min idonsa. Wane launi ne?"

"Fari ne, Mma. Fari tas."

"Ja shi waje ki duba a rana. Ke ba a yarda da ke a kan ido ba, kin taɓa ganin shawara kika aure ta."

Na ja ka waje na duba a rana. Na dawo na ce mata fari ne. Ta ce to, ta gyara kwanciya. Bayan girbin gero na shekarar ta rasu, kuma har aka binne ta babu wanda ya ji sirrin ɗanta daga bakinta.